Wa Ke Koya wa Malamin Jami'a Yadda Ake Koyarwa?

Idan sakamakon jarrabawa ya fito aka ga rabin aji ya zube a kwas guda, bakin mutane wuri biyu yake nufa. Iyaye su ce yaran yanzu ba sa karatu, waya ta ɗauke musu hankali. Ɗalibai su ce malamin mugu ne, ba ya son kowa ya ci. Kowace magana tana iya zama gaskiya a wani wuri. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ta fi tsaya mini a rai: shi malamin da ya koyar da kwas ɗin, wa ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake yi?

A Najeriya, wanda zai koyar a firamare ana son ya zo da takardar NCE aƙalla. Ya yi shekara uku a kwalejin ilimi, ya je koyarwar gwaji, malamansa sun zauna a bayan aji suna kallon yadda yake riƙe alli da yadda yake riƙe yara. Wanda zai koyar a jami'a kuwa, ƙarfin digirinsa ake dubawa. In ya fita da sakamako mai kyau, sashensa ya riƙe shi, ya gama hidimar ƙasa ya dawo a matsayin giraduwet asistan. Daga nan ya zama asistan lakcara, ya taka matakai biyu na lakcara, ya zama babban lakcara, sai rida, sai farfesa. Duk tsawon wannan tafiya, in ka cire 'yan tsangayar ilimi da waɗanda suka ga dama suka yi difilomar koyarwa don kansu, da wuya ka sami matakin da aka ce ba ka hawansa sai ka koyi koyarwa. A Birtaniya, tun bayan rahoton kwamitin Dearing na 1997, jami'o'i da yawa suka wajabta wa sabon malami kwas na koyon aikin a shekarunsa na gwaji. Mu a nan, wannan ilimin yana ƙirjin manyan malamai ne. In sun miƙa wa na ƙasa, ya isa ga ɗalibi. In sun riƙe, ya tsaya a ofishinsu.

To, su wa ake ba wa azuzuwan da suka fi cika? Duk wanda ya zauna a jami'ar gwamnati ya san amsa. Farfesa yana tare da 'yan digiri na biyu da na uku, mutum goma ko sha biyar a ƙaramin ɗaki. 'Yan aji ɗaya, waɗanda suka fi kowa yawa kuma suka fi kowa buƙatar gwani, sukan faɗa hannun wanda ya fi kowa sabunta. Bisa ƙa'ida aikin giraduwet asistan taimakawa ne yayin da yake nasa karatun, amma ƙarancin ma'aikata kan sa a danƙa masa kwas sukutum.

Leƙa babban ɗakin lakca da ƙarfe takwas na safe a makon farko na zango. Kujeru sun cika, wasu na zaune a matakala, wasu sun jingina da taga, littafi a kan gwiwa. Babu wuta, don haka lasifika ba ta aiki. Saurayin da ke tsaye a gaba bai fi shekara biyar ya ba su ba. A hannunsa akwai tsohon littafin da ya rubuta lakca a ciki lokacin da shi ma yake aji ɗaya, gefen takardun har ya yi ja. Yana karantawa suna rubutawa, har da inda za a sa waƙafi da inda za a sa aya. Wata yarinya a layi na uku ta ɗaga hannu, ya gan ta sarai, amma ya kau da kai, don yana tsoron tambayar da za ta kunyata shi a gaban mutum ɗari biyar. Wannan saurayi ba malalaci ba ne, ba kuma mugu ba ne. Wataƙila shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu. Abin da ya gani ana yi shi yake yi, domin ba wanda ya nuna masa wani. Yarinyar kuwa ta sauke hannunta, kuma da wuya ta sake ɗagawa a wannan zangon.

Akwai wani bincike da ya nuna girman abin da ke tsakanin sabon hannu da tsohon hannu, kuma ya zo da abin da ba a zata ba. Masana tattalin arziki biyu, Scott Carrell da James West, sun bi sakamakon ɗalibai sama da 10,000 a makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka da ke Kolorado, suka wallafa abin da suka gano a 2010. Makarantar ta dace da irin wannan bincike, saboda ɗalibi ba ya zaɓar malaminsa, ƙuri'a ce ke rarraba su, manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya ce, kuma dole kowa ya wuce zuwa kwasa-kwasan da aka gina a kan na farko. Sai aka ga ɗaliban ƙananan malamai sun fi cin maki a kwas ɗin lissafi na farko, har sun fi yaba malamansu a takardar jin ra'ayi. Amma da aka shiga kwasa-kwasan gaba, sai reshe ya juye da mujiya: waɗanda suka bi ta hannun gogaggun malamai su ne suka yi zarra. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne, sabon malami yakan koyar da abin da zai fito a jarrabawa, tsohon hannu kuwa yana koyar da abin da ɗalibi zai buƙata baɗi.

Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne. Sai dai ba za a iya raba farfesa ɗaya ga azuzuwa ashirin ba. Abin da za a iya rabawa shi ne abin da ya sani. Kuma abin da ya sani ba wani sirri ba ne mai wuyar faɗa. Ya san a mako na nawa ɗalibai ke fara ɓacewa a kwas ɗin, da babin da ke kayar da su kowace shekara. Ya san misalin da in an kawo shi fuskoki ke washewa. Ya san cewa shirun aji ba alamar fahimta ba ne. Ya san bambancin ɗalibin da bai yi karatu ba da wanda Turanci ne ya tare masa hanya, abin da ya zama ruwan dare ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati na karkara. Sabon malami zai gano duk waɗannan da kansa in an ba shi shekara goma, amma kafin nan aji goma sun wuce ta hannunsa, kuma su ne suka biya kuɗin koyonsa.

Inda na fi ganin amfanin jan hannu ƙuru-ƙuru shi ne wajen tace tambayoyin jarrabawa. A sashen da ake yin abin da gaske, ba a sa hannu kawai a wuce. Dattijon malami zai ajiye takardar ƙaramin a gabansa, ya ɗauki jan biro, ya ce, "Malam, wannan tambaya ta biyu, me kake son yaro ya nuna maka? In haddar ma'ana kake nema, ai ta ɗaya ta riga ta yi wannan aikin. Ta huɗu kuma, ka koyar da ita kuwa, ko a littafi ka gan ta ta burge ka?" Ƙaramin ya ce, "Ranka ya daɗe, yajin aiki ya ci makon da zan yi ta." Sai a cire ta. Daga nan a dawo kan rabon maki: me za a ba wanda ya bi hanya daidai amma ya yi tuntuɓe a lissafin ƙarshe? Zaman ba ya wuce rabin awa. Amma a wannan rabin awar an yanke hukuncin ko yara tamanin za su ɗauki kariyoba, wato su maimaita kwas ɗin baɗi, ko ba za su ɗauka ba, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai san an yi zaman ba. Kariyoba a aji ɗaya ba ƙaramin abu ba ne: tana karya matsakaicin makin ɗalibi tun daga tushe, tana cin karo da lakcocin aji biyu, wani lokaci ta jawo ƙarin shekara, ƙarin kuɗin rajista da na haya a kan uban da da ƙyar ya haɗa na bana.

Shin haɗa malami da malami yana canza sakamakon ɗalibi kai tsaye? An gwada. A jihar Tenesi ta Amurka an yi gwaji a makarantun firamare da na ƙaramar sakandare, aka wallafa shi a 2020. An duba inda kowane malami ke da rauni, aka haɗa shi da abokin aikinsa na makaranta ɗaya wanda ya ƙware a daidai wannan wurin, aka ce su riƙa shiga ajin juna suna tattaunawa. Ba a kawo ƙwararre daga waje ba, ba a tura kowa bita a otal ba. A ƙarshen shekara ɗaliban malamai masu raunin sun fi takwarorinsu na makarantun da ba a yi haɗin ba. A matakin jami'a kuma, Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, ya kafa wani shiri a Jami'ar British Columbia ta Kanada a 2007 don gyara koyar da kimiyya. Cikin dabarun da suka tsiro daga shirin akwai ba wa mutum biyu kwas ɗaya, sabo da gogagge, su shiga aji tare tsawon zango, yau wannan ya jagoranta wancan na kallo, gobe a juya. Abin da ake son sabon ya ɗauka shi ne salon da ke sa ɗalibi aiki a cikin aji, ya warware matsala, ya yi muhawara da na kusa da shi, maimakon ya zauna yana kwafa. Tasirin wannan salo a auna yake. Wani nazari da Scott Freeman da abokan aikinsa suka fitar a 2014, wanda ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniyanci da lissafi, ya nuna cewa a ajin lakca zalla kusan kashi 34 cikin 100 ke faɗuwa, a ajin da ake sa ɗalibai aiki kuwa kusan kashi 22. Irin wannan salo ba a koyonsa daga takardar umarni. Sai mutum ya ga wani yana yi, a aji irin nasa, da yara irin nasa.

Ba sai mun je Kanada neman misali ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, kuma sashenta na tarihi ya yi sunan da har yau ake ambato. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, ya baro Ibadan ya kafa sashen, daga baya a 1970 ya zama shugaban farko na Gidan Arewa a Kaduna. Tun a Ibadan shi ya duba kundin digirin ɗalibinsa Murray Last a kan Daular Sakkwato. A Zariya, Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na uku a kan tarihin Katsina ya kammala a 1974, shi ma ya zama cibiyar da wasu suka taso a kewayenta har rasuwarsa a 2005. Abin da ya riƙe sashen shi ne taron ƙara wa juna sani, inda malami babba ko ƙarami zai kawo takardarsa a yi mata filla-filla a gaban kowa. Ƙaramin malamin da ya saba ganin ana yi wa na gaba da shi tambaya mai zafi, ya amsa ba tare da ya ɗauke ta raini ba, ba zai ji tsoron hannun ɗaliba a layi na uku ba. Ta wannan hanyar al'adar ofis take gangarowa cikin aji.

Me ya raunana wannan sarƙa? Abubuwa ne suka taru. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi, manyan malamai da dama suka fice zuwa ƙasashen waje ko suka bar aikin, aka sami giɓi a tsakiyar tsani. Sannan jami'o'i suka yawaita fiye da yadda ake samar da malamai. A 1962 biyar ne a duk ƙasar, yau sun haura 250. A 2011 kaɗai gwamnatin tarayya ta kafa tara, ciki har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Wukari, a 2013 aka ƙara na Gusau da Gashuwa da Birnin Kebbi. Kusantar da ilimi ga jama'a alheri ne, ba na jayayya da wannan. Amma farfesoshin ba su ƙaru da wannan saurin ba, sai aka koma rabon waɗanda ake da su ta hanyar biziting, wato koyarwar ziyara a jami'ar da ba tasu ba. Malamin da ya kwana a hanya, ya dunƙule lakcar wata guda a kwana biyu, ya kama hanyar wata jami'ar, yaushe zai zauna da ƙaramin malami? Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya ƙirga malamai 37,504, kuma kimanin kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digiri na uku. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana son malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 10 a likitanci, kuma kashi 20 cikin 100 na malaman sashe su kasance a matakin farfesa ko rida. Sassa da yawa ba sa ganin wannan adadi sai a makon da masu tantancewa za su zo. Ga kuma yajin aiki, wata tara a 2020, wata takwas a 2022, wanda in an dawo ake matse zango, kowa na gudun ya gama manhaja, zaman tace tambayoyi ya koma sa hannu a tsaye.

Dole kuma a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Wani abin da ake kira raino a jami'o'inmu ba raino ba ne, bauta ce. Ƙaramin malami ya zama yaron Oga: shi ne duba takardun jarrabawar kwas ɗin da bai koyar ba, shi ne shiga aji a madadin maigida ba tare da an nuna masa komai ba, shi ne rubuta muƙala a ɗora sunan wanda bai karanta ta ba. Ba ya iya cewa a'a, domin mutumin nan shi ke duba kundin digirinsa, shi ne kuma zai zauna a kwamitin ƙarin girmansa. Wanda aka yi wa irin wannan raino, abin da ya koya shi ne na sama yana taka na ƙasa, kuma na ƙasa da shi ɗalibi ne. Daga nan ake samun malamin da ke alfahari da cewa ba a cin A a kwas ɗinsa. Ko rainon kirki ma, in ka duba, yawancinsa a kan wallafa muƙala da neman ƙarin girma yake tsayawa, saboda abin da ake ƙirgawa ke nan. Ba a cika jin babba ya ce wa ƙarami, "Gobe zan shigo ajinka in zauna a baya," ba.

Sannan rainon da aka bar wa sa'a yana da waɗanda yake tsallakewa. In a majalisar yamma ake yinsa, ko a hanyar masallaci, ko a gidan Oga ranar Asabar, to malama mace ba ta ciki, haka wanda ya zo daga wata jiha ba shi da kowa. Ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ta gwada maganin wannan tun daga 2004: ta shirya wa ƙananan malamai mata zaman kwana biyu da manyan mata na fanninsu, aka zaɓi masu shiga ta hanyar ƙuri'a don a iya kwatantawa. Bayan shekaru, waɗanda suka shiga sun fi sauran wallafa bincike da samun tallafinsa. A Arewa wannan batu ya fi nauyi. Malamar da ta tsaya da ƙafarta a sashe ita ce ƙofar da ɗaliba za ta ƙwanƙwasa in ciki ko goyo ya haɗu da jarrabawa, ko in wani ya matsa mata da abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Duk malamar da ta gaji ta ajiye aiki don ba ta sami mai kama hannunta ba, ɗalibai mata da yawa sun rasa wannan ƙofar.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, tsarin da ake nema yana nan a cikin jami'o'in namu, a asibitocin koyarwa. Je ka Shika ko asibitin Malam Aminu Kano da safe ka ga zagayen duba marasa lafiya: babban likita a gaba, manya da ƙananan masu neman ƙwarewa a bayansa, sai sabbin likitoci, sai ɗalibai. Ƙarami ya gabatar da mara lafiya, babba ya yi tambaya, ya gyara, kowa na ji. Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin alfarma, aiki ne da ke cikin jadawali, kuma ba a barin sabon likita ya yi tiyata shi kaɗai ranar farko don kawai ya ci jarrabawa da kyau. Sashen lissafi ko na Hausa ko na kimiyyar siyasa ba shi da hujjar da zai ce shi ba zai iya kwatankwacin haka ba.

Lokaci ma ya sa abin ya zama tilas. Asusun tallafa wa manyan makarantu na gwamnati, TETFund, wanda ya daɗe yana tura malamai karatu waje, ya dakatar da ɓangaren ƙasashen waje daga Janairun 2025 saboda tsada da kuma yawan waɗanda ba sa dawowa. Ma'ana, mafi yawan malaman gobe a gida za a horar da su, a hannun waɗannan manyan da muke da su. Dokar 2012 ta ɗaga shekarun ritayar farfesa daga 65 zuwa 70. A ganina babu abin da ya fi cancanta a cika waɗannan shekaru biyar da shi kamar rainon na baya, kuma a rubuta shi a matsayin aiki: a rage wa dattijo wani nauyin, a ɗora masa wannan, a tambaye shi a ƙarshen shekara.

Yawancin abin da ake buƙata ba ya jiran Abuja. A taron sashe ake raba kwasa-kwasai, kuma shugaban sashe na da ikon ya ce kowane babban kwas na aji ɗaya mutum biyu za su ɗauka, babba da ƙarami, kuma tare za su shiga, ba a raba makonni kowa ya yi nasa ba. Yana da ikon ya ce mai rainon sabon malami kada ya zama shi ne mai duba kundinsa, don ƙaramin ya sami inda zai faɗi damuwarsa ba tare da tsoro ba. Yana da ikon ya sa a kawo sakamakon kowane kwas na shekara uku a baje a tebur, a tambayi dalilin da ya sa wannan ke kayar da yara fiye da saura, da niyyar gyara ba da niyyar tozarta wani ba. Abin da ya fi ƙarfin sashe shi ne takardar ƙarin girma, wadda ke hannun majalisar malamai da hukumar gudanarwar kowace jami'a. Muddin muƙala ce kaɗai ke da maki mai nauyi a cikinta, babban malamin da ya ba da awa biyu a mako yana zama a bayan ajin ƙaraminsa zai ci gaba da yin haka ne daga aljihun lokacinsa, kuma kaɗan ne za su jure. Sai an buɗe wa wannan aiki gurbi a takardar, da maki, da shaidar da za a iya dubawa: wa ka ja hannunsa, sau nawa ka shiga ajinsa, me ya canza a sakamakon ɗalibansa.